Tayoyin Baya

Da hantsi aka turo ta garejinmu na Zariya,
ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa
kamar damo ya lafe a gindin ƙaya.

Ta girmi duk yaran shago.
Daga Kwatano Alhaji Arzika ya ɗauko ta.
Tun yana karen mota yake kallon irinta a kalanda,
sai da furfura ta fito ya samu ya saya.

Ya ce, "Rabe, ƙugunta rawa yake.
In na karya kai sai in ji baya ta goce.
Ɗaure mini ita da walda, ta bi hanya."

Na ɗaga ta a jak, na ce Illa ya murza sitiyari.
Ya murza kaɗan, na baya suka leƙa inda na gaba suka duba.
Ya murza har ƙarshe, suka ba su ƙeya.
Illa ya yi waje ba takalmi,
yana faɗin wallahi Alhaji ya sayo mayya.

Shekara goma sha tara ina cikin baƙin mai.
Abin da na sani, tayar baya ba ta da ta cewa,
inda aka ja ta nan ta nufa, ko rami ko rijiya.

Har na ɗauko ƙarfen walda,
sai ga tsoho Tunau, wanda ya koya mini riƙon sifana.
Idonsa ya tafi, jikansa ke riƙe da sanda.
Ya ce a shimfiɗa masa kwali.
Ya shige ƙarƙashi, yatsunsa na lalube,
ya daɗe, har shayin Illa ya huce,
sannan muka ji tsoho yana dariya.

"Wannan ba ciwo ba ne, yaro.
Ga sanda nan ta taso daga gaba,
ta faɗa wani ɗan akwati mai haƙora.
Wanda ya ƙera ta ya hana idonsa barci,
kai kuma da wuta za ka maida masa amsa?
Sauke ta mu ji gaskiya."

Muka bi titin Ɗan Isa bayan la'asar.
Da na wuce duwan na taka ta.
Wata amalanke ta faɗo mana da karan gero,
na ɗan taɓa kan kawai,
motar ta matsa gefe gaba ɗayanta, ba tangaɗi,
kamar ruwa ya kauce wa dutse a Gulbi.
Tunau ya dafa ƙirjinsa, ya ce, "Ka ji ko?"
Na ji, har cikin zuciya.

Da dawowa na shiga wani lungu a Bagalam
inda kabu-kabu ma sai ya sa ƙafa.
A nan ta naɗe kanta kamar mage,
sau ɗaya tak ta juya.

Na ce wa Alhaji lafiyarta lau,
roba biyu ne suka cinye, sai an aika Kano ko Legas,
ni dai hannuna ba zai kashe ta ba.
Ya jira wata guda. Kayan ba su zo ba.
Ran wata Laraba ya aiko aka tafi da ita,
wani yaro a Sabon Gari ya yi masa aikin jika uku,
kafin azahar ya gama, ba wuya.

Tana wucewa ta gabanmu yanzu, ranar Juma'a,
ja, a wanke, na baya a miƙe sambal.
Tunau yana jin ƙarar injinta daga kan benci,
sai ya tambaye ni, "Suna waiwaye?"
In ce masa, "Suna yi, Baba."
Allah ya yafe mini wannan ƙarya.